Yara biyar, ƙofa ɗaya: yadda muka sake fasalin banɗakin yara a gidan yayata a Jidda

Gidan da zan yi magana a kansa shagga ce, wato ɓangaren haya a bene, hawa na biyu, a unguwar Safa ta Jidda. Yayata da mijinta sun koma can a 2022, bayan rusau ɗin da ya tashi tsofaffin unguwanni irin su Gulail da Karantina da Sabil, inda Hausawa suka yi shekara da shekaru. Tsohon gidansu yana da tsakar gida, da famfo a gindin bango. Yaro zai wanke baki, ya yi alwala, ya ɗauraye ƙafa, bai nemi izinin kowa ba. A sabon gidan kuwa, duk wani abu da ya shafi ruwa yana bayan ƙofa mai kulle.

Banɗaki uku ne a shaggar: na ɗakin iyaye, da wani ɗan ƙarami na majalisin baƙi, sai na tsakiyar gida wanda ya zama na yara. Faɗinsa mita 2.2, tsawonsa mita 3. A ciki akwai bahon wanka irin na kwanciya, wanda ake kira banyo, ya cinye kusan duk bangon ƙarshe, ba kuma wanda ya taɓa kwanciya a cikinsa. Abin da aka mayar da shi ma'ajiyar bokitai ne. Akwai masai na zama, da wurin wanke hannu guda ɗaya, da taga ƙarama can sama. Masu amfani da shi su biyar: babbar mai shekara 12, namiji mai 10, mace mai 7, namiji mai 5, da auta mai shekara biyu da rabi. In Hajiya, mahaifiyarmu, ta zo daga Makka ta yi makonni, su zama shida.

Na taɓa kwana a gidan wata ranar Asabar, na wayi gari Lahadi, ranar farko ta makon karatu. Tun bayan sallar asuba ake buga ƙofar nan. "Ki fito mana, buroshina kawai zan ɗauka!" Daga ciki a ce, "Wanka nake!" Mai shekara biyar yana rawar fitsari a bakin ƙofa, Yaya ta ja shi banɗakin majalisa da gudu, mai motar makaranta kuma yana danna hon a ƙasa ƙarfe shida da kwata. Kullum sai wani ya fita da kuka ko da baki ba wanki.

Duk da haka maganar gyara daga ƙasa ta taso. Maƙwabcin da ke hawa na ɗaya ne ya hawo da hoto a waya: silin banɗakinsa ya kumbura, fenti na zuba, ruwa na ɗiga. Mai benen, wani dattijo, ya so a kira sabbak, wato mai gyaran famfo, ya fasa tayil huɗu ya toshe inda ke yoyo. Ni aikina kula da gyare-gyaren gine-gine ne a wani kamfani. Ba injiniya ba ne ni, amma banɗakin da aka fasa a gabana sun fi a ƙirga, kuma na san yadda irin wannan faci yake ƙarewa. Na ce wa mijin yayata, "Alhaji, tunda dai za a fasa, a fasa gaba ɗaya. Ba za ka sake samun ranar da mai gida zai biya rabin kuɗin ba." Aka zauna da dattijon a kan shayi, aka raba aikin gida biyu: duk abin da ke ƙarƙashin tayil nasa ne, fasa da bututu da abin hana ruwa ratsawa, duk abin da ido ke gani kuma na Alhaji. Yarjejeniyar hayarsu tana da rajista a Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, amma na nace aka rubuta wannan a takarda daban, kowa ya sa hannu, har da sharaɗin cewa ba za a ce su mayar da banɗakin yadda yake ba ran da za su tashi.

Kafin a taɓa guduma

Yaya ta riga ta tara hotuna a waya: tayil mai zanen kifaye, ɗan ƙaramin masai na yara, wurin wanke hannu ƙasa-ƙasa guda biyu. Na roƙe ta ta ba ni mako ɗaya. Na manna takarda a jikin ƙofar, na ɗaura biro da zare, na naɗa babbar yarinyar shugaba: duk wanda ya shiga da safe a rubuta abin da ya kai shi. Ta riƙe aikin da zafi kamar an ba ta sarauta, har da cin tarar ƙannenta.

Da muka duba takardar ran Alhamis, abin ya fito fili. Mafi yawan shigar goge baki ne, da alwala, da wanke fuska, da duba madubi, da ɗauko mataji. Babu ɗaya a cikinsu da ke buƙatar rufe ƙofa. Wanka da kewayawa, waɗanda su ne masu buƙatar sutura, su ne kaɗan, amma su ne ke tsare kowa a waje. Ashe abin da yaran suka rasa famfon tsakar gidan nan ne na Gulail.

Dabarar da muka bi kuwa tana nan a gidan, a bakin majalisa. Gidajen Saudiyya sun saba fitar da wurin wanke hannu waje da makewayi, saboda baƙi goma su tashi daga kan tiren shinkafa su wanke hannu ba tare da sun yi layi ba. Sai muka yi wa yara irin abin da ake yi wa baƙi. Muka cire banyo, muka raba ɗakin uku. Gaba, mita 1.4 daga ƙofa, wuri ne a buɗe: wurin wanke hannu mai faɗi da famfo biyu, madubi dogo, da wurin alwala a gefe. Baya kuma muka tsaga biyu da bango siriri, kowane ɓangare faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya, ɗaya masai, ɗaya wanka, kowanne da ƙofarsa ta alminiyam. Bangon bai kai sili ba, mun tsayar da shi a mita 2.1, domin taga ɗaya ce kuma Jidda gari ne na laima. In ka toshe wa iska hanya a nan, wata biyu ya isa fumfuna ta yi baƙi a kusurwa. A ɓangaren masai muka sa fankar zuƙe iska, wadda ake kira shaffaɗ.

Kan ƙananan kayan yara muka fi ja da Yaya. Hujjata ita ce yaro ba ya tsayawa inda ka auna shi. Wurin wanke hannun da ya dace da mai shekara biyar yau, nan da shekara huɗu sai ya sunkuya, ita kuwa babbar tun yanzu ya yi mata ƙasa. Muka bar shi a santimita 82, tsayin da ake sa wa manya, muka sayo 'yar kujerar takawa mai ƙafafun roba guda biyu. Tayil mai kifaye ma haka: na tambaye ta ko tana ganin saurayi ɗan shekara 16 zai gode mata. Ta yi dariya ta ce, "Kai dai ba ka da yara ne." Aka daidaita a kan bango fari, launi kuma ya tafi ga abin da ake iya canzawa, kofi da tawul da maratayi, kowane yaro da nasa launin. Inda na sakar mata shi ne wurin alwala: famfo a ƙasa, da dakalin zama mai tsayin santimita 40, da magudana a gabansa. Ita ta kawo shawarar, kuma ita ce ta fi kowace amfani a duk aikin. Kafin nan a cikin wurin wanke hannu yaran ke ɗaga ƙafa su wanke, har ya fara girgiɗi daga bango.

Na kai wa Hajiya zanen a takarda ina jin kaina. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta tambayi ina titi yake. Sannan ta ɗora yatsa a kan masai ta ce, "Wannan gabas ya kalla." Gaskiyarta. Makka tana gabas da Jidda, saboda haka a nan, kamar a ƙasar Hausa, gabas ita ce alƙibla (mutanenmu na Madina ne ke fuskantar kudu). Na ce, "Hajiya, ai malaman Malikiyya sun sauƙaƙa in a cikin gini ne. Hanin a fili yake." Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Amma tunda kai ke ɗora shi da hannunka, me zai hana ka juya shi?" Ba ni da amsa. Muka juya shi ya kalli arewa kamar yadda tsohon yake, sai ga shi ma ya rage mana aiki, domin babban bututun mai inci 4 bai buƙaci matsawa da nisa ba.

Alhaji ya so masai na tsuguno, wanda ake ce wa arabi a nan. Ya ce ya fi tsafta, ba fatar wani da ke taɓa inda ta wani ta taɓa. Yaya ta ce ƙafar auta za ta iya zamewa ciki, ga kuma gwiwoyin Hajiya. Na zama ya ci, tunda na majalisa na tsuguno ne, duk mai so ya je can.

Abin da ke ƙarƙashin tayil

An fara fasa a hutun makaranta na lokacin sanyi, farkon 2024. Banɗakunan nan ana yin daɓensu ƙasa da na sauran gida, a shimfiɗa bututu, a cika da yashi, sannan a ɗora tayil. Da aka ɗaga tayil ɗin, yashin jiƙe yake sharkaf, yana wari. Tsohon bututun ƙarfe ya ci tsatsa a mahaɗa, kwaltar da aka shafa tun lokacin gini kuma ta zama ɓawo, tana ɓarewa da hannu. Da an bi shawarar faci, da tayil huɗun nan kawai za a canza a bar tafki a ƙasa. Aka kwashe yashin buhu-buhu, aka bar daɓen ya bushe kwana uku, aka canza bututun ruwa zuwa koren nan na roba da ake haɗawa da zafi.

Sai azil, wato abin hana ruwa ratsawa. An shimfiɗa shi a ƙasa, an hau da shi bango santimita 30, a wurin wanka kuma an shafa har sama. Ƙa'ida ita ce a toshe magudanai, a cika ɗakin da ruwa, a bar shi kwana biyu, ana leƙa silin maƙwabci. Mu'allim ɗin, wato maginin da ya karɓi aikin, yana da wani aiki a Abhur, can arewacin gari, yana gaggawa. Bayan kwana ɗaya ya ce, "Kalas, ba komai, gobe mu ɗora." Na ce, "Ya mu'allim, awa 48 muka yi da kai." Ya ɓata rai, ya tafi. Da la'asar ɗin kwana na biyu maƙwabcin ya kira ni. Wani tabo ne kamar tafin hannu, daidai inda babban bututu ya huda daɓe. A wuyan bututu azil ya fi cin amana, domin can ne shimfiɗa ke haɗuwa da abu mai zagaye. Aka zubar da ruwan, aka busar, aka sake naɗe wuyan, aka sake cikawa. Kwana biyar suka tafi a nan. Mu'allim bai ƙara yi mini musu ba, ni ma ban tuna masa ba.

Tayil ɗin ƙasa Yaya ce ta zaɓa, ta hanyar da ban taɓa gani ba. A shagon ta sa aka ajiye mata samfuri uku a ƙasa, ta tsiyaya ruwan gora a kan kowanne, ta sa mai shekara bakwai ta cire takalmi ta goga ƙafa. Mai shago yana kallo ya rasa ta cewa. Wanda yarinyar ta ce "wannan yana riƙe ni" shi aka saya, da na duba kwalin kuma R11 ne, ma'aunin da ke nuna ƙarancin santsi. A wurin wanka muka sa ƙananan tayil, saboda yawan layukan da ke tsakaninsu na ƙara riƙe ƙafa, kuma sun fi sauƙin bin gangara. Gangarar santimita 2 ce a kowace mita zuwa magudana. Na gwada ta da bokiti kafin siminti ya kama, domin ruwan da ya kwanta a ƙasan banɗakin yara, bayan santsi, shakku yake kawowa: ruwan wanka ne ko fantsamar fitsari? Uwa ce kuma za ta yi ta sa a sake wanke ƙafa kafin salla.

Wutar gidan ta ba ni tsoro. Tsofaffin benaye a nan da yawa suna da layin wuta biyu, mai volt 127 da mai 220, tun kafin ƙasar ta yanke shawarar komawa 230 a 2010, kuma soket ɗin da ke gefen madubi ba shi da wayar ƙasa. Muka cire shi gaba ɗaya. Mai busar da gashi ta je ɗaki. Layin hita da na fitila muka sa musu na'urar da ke yanke wuta da kanta in ta ji yoyon da ya kai miliamfiya 30.

Ƙofofin ciki waje suke buɗewa, don in yaro ya faɗi a bayan ƙofa kada jikinsa ya tare ta. Kullensu irin wanda ake buɗewa daga waje da bakin cokali ne, saboda auta ya taɓa kulle kansa a tsohon banɗakin har sai da mai gadin bene ya ɓalle kuba. Babbar ƙofar kuma muka cire mata kulle ɗungurungum. Bokitan ruwa, al'adar da ta biyo su tun zamanin jiran motar wayit, wato tankar ruwa, a tsohuwar unguwa, muka fitar da su. Yaro mai koyon tafiya kansa ya fi jikinsa nauyi, in ya leƙa bokiti ya kife ba ya iya fitowa, kuma ruwa kaɗan ya isa. Kayan wanke banɗaki suka koma kabad mai kulle can sama, Clorox daban, Flash daban, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar da ke shaƙe mutum.

Mun tsara kwana goma, aikin ya ci 19. Alhaji ya ware riyal 8,000, ya kashe 10,500. Ƙofofin alminiyam ne suka haura, sai harajin kashi 15 cikin ɗari da wasu masu shago ba sa haɗawa in suna faɗin farashi da baki. Ranar makaranta ta farko bayan an gama, Yaya ta aiko mini da hoto: biyu a gaban madubi, ɗaya a dakalin alwala, ƙofofin ciki duka a rufe, agogo bai kai shida ba.

Inda na yi kuskure

Abin da na fi alfahari da shi shi ne ruwan zafi. Hita na bar ta a digiri 60, tunda ruwa mai ɗumi-ɗumi da ya daɗe a tanki ƙwayoyin cuta ke hayayyafa a ciki. Amma ruwa mai zafin 60 yana ƙona fatar babba cikin 'yan daƙiƙu, balle ta yaro. Sai na sa wa shawa famfo mai daidaita zafi da kansa, wanda ke tsayawa a 38 sai an danna maɓalli. Sauran famfunan, na wanke hannu da na alwala da shaɗɗaf, wato ɗan tiyon tsarki na hannu, na ba su layin sanyi zalla. A watan Janairu wannan tsari ba shi da aibu.

Wata azahar a watan Yuni mai shekara biyar ya ƙwalla ihu daga masai, ya fito da gudu wando a hannu. Shaɗɗaf ne. Bai ƙone ba, Allah Ya tsare, amma ya yi kwanaki ba ya yarda da shi sai buta. Ni da aka haifa a garin nan na manta da abin da kowane yaro ya sani. Ruwan Jidda daga teku ake tace shi, mafi yawa a Shu'aiba kudu da gari, ya shigo tankin ƙasa, injin ya tura shi tankin kan bene, can kuma rana ce ke dafa shi tun safe. Da bazara layin sanyi shi ne na zafi. Na auna da ma'aunin kicin ƙarfe biyu na rana, 44 ya nuna.

Dabarar mutanen gari sananniya ce: da bazara a kashe hita, ruwan cikinta ya huce a inuwar ɗaki, a riƙa buɗe ɓangaren famfo mai alamar ja, na ruwan zafi, don samun sanyi. Yaya ta yi haka, sai abin ya ƙara lalacewa a shawa. Famfon nan nawa mai wayo, da ya ji ruwa ya haura 38, sai ya rufe ɓangaren hita, inda ruwan sanyin yake, ya buɗe ɓangaren tankin sama gaba ɗaya. Aikinsa yake yi daidai, garin ne bai sani ba. An gudu ba a tsira ba.

Gyaran a kan bene yake, inda ban taka ba ko sau ɗaya a kwana 19 ɗin nan. Tankinsu a fili yake, ga bututu kusan mita goma kwance a kan siminti tsirara. Muka yi wa tankin rumfa da tazara a sama don iska ta ratsa, muka naɗe bututun da soso mai rufin azurfa. Aikin ya faɗo cikin watannin da doka ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, wato 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, sai bayan asuba muka riƙa hawa. Zafin ya sauko zuwa abin da fata ke ɗauka. Duk da haka Yaya ta kafa doka: da rana a fara tarar ruwan farko a bokitin goge ƙasa, babba ya taɓa da hannu kafin ƙarami ya shiga, a juye bokitin nan take.

Yanzu mai shekara bakwai ta daina hawa kujerar takawa, ta bar wa ƙannenta. Hajiya in ta zo, a dakalin yara take alwala, ta bar na majalisa. Abin da ya rage shi ne tazarar da na bari a saman bangon tsakiya. Namijin nan mai shekara goma ya gano cewa jiƙaƙƙen soso yana tsallake ta, kuma yayarsa ce ke ɗaya ɓangaren. Yaya ta ce, "Ko dai ka toshe, ko ka zo ka riƙa raba faɗan da kanka." Na je na auna, santimita 40 ce. Gilashi zai tare iska, saboda haka raga ta alminiyam na ba da a yanko, an ce sai ran Asabar.